Ƙwallo Daga Gida Take Tasowa

A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, wasa ɗaya tak André Onana ya tsare wa Kamaru raga, sannan ya bar sansani. Rahotanni sun ce salon wasa ne ya haɗa shi da koci Rigobert Song: Onana ya saba miƙa wa 'yan baya ƙwallo a ƙasa, Song kuwa ya fi son a rage kasada. To, wannan gardama ba ta manya kaɗai ba ce. Duk mai horar da yaran unguwa, daga Briketeri ta Yawunde har Garwa, ya san ta.

Dokoki biyu ne suka kawo mu nan. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansu ya mayar masa da ƙafa da gangan, sai ya zama dole ya iya taka leda. A 2019 kuma aka yarda 'yan baya su karɓi bugun gola tun a cikin yadi 18.

Hikimar salon lissafi ce. Idan 'yan gaba biyu suka taso, 'yan baya biyu da gola sun zama uku, ke nan akwai wanda ba a tsare ba. 'Yan bayan sai su buɗe hagu da dama, masu gefe su matsa gaba, ɗan tsakiya ya sauko ya karɓa. Tun kafin ƙwallo ta iso shi ya waiga ya ga wanda ke bayansa.

A wajen atisaye, a fara da huɗu a kewaye, ɗaya a tsakiya yana farauta, kowa taɓawa biyu. In sun goge, a ƙara mafarauci, a sa gola a ciki.

Sai dai filayenmu na ƙasa ne, ga tsakuwa ga ramuka, ƙwallo takan yi tsalle inda ba a zata ba. Saboda haka a koya wa yaro cewa in hanya ta toshe, doguwar ƙwallo ba abin kunya ba ce.

Babban aiki yana wuyan koci. Ran da yaro ya yi kuskure aka ci su, in aka yi masa tsawa a gaban jama'a, gobe dokawa sama zai yi don ya tsira. In aka ja shi gefe aka nuna masa inda ya kamata ya tsaya, zai sake gwadawa. Iyaye da 'yan kallo, mu ma sai mu taya da haƙuri.