Hasken Leza da Maganin Miki: Faɗakarwa ga Jama'ar Matsinkai

Duk wanda ya san zaman mutanenmu na Matsinkai da sauran ƙasar Bagudo har zuwa iyakar Benin, inda manomi ke yini cikin ruwan fadama da lauje a hannu, masunci kuma ke fama da ƙugiya a Kogin Kwara, ya san cewa ɗan yanka, in an yi masa sakaci, yakan rikiɗe ya zama gyambo mai cin shekaru. Saboda haka ya wajaba a yi bayani game da na'urar nan da ake yayata labarinta, wadda ake cewa jan haskenta na warkar da miki.

Asalin al'amarin dai ba ƙage ba ne. A 1967, shekara bakwai bayan ƙera leza ta farko a Amurka, wani likita a birnin Budapest na ƙasar Hangari, mai suna Endre Mester, ya lura cewa ɓerayen da aka aske, aka haska musu leza mai rauni, gashinsu ya riga na 'yan'uwansu tsirowa; daga bisani ya jarraba ta a kan miyakun mutane da suka gagari magani. Ma'abota bincike suna ganin cewa ƙwayoyin halittar jiki na shan wannan haske, wanda ba ya ƙuna, sai kuzarinsu ya ƙaru, kumburi ya sassauta, amma fa bisa sharaɗin ma'auni, domin in ya gaza ba shi da fa'ida, in kuwa ya ƙetare haddi sai ya tauye warakar da ake nema.

Inda hujja ta yi ƙarfi shi ne gyambon baki da ke samun masu ciwon daji a sanadin maganin da ake yi musu. Amma game da gyambon ƙafa, musamman na mai ciwon suga, har yau akwai saɓani tsakanin masana, kuma abin da ake saɓani a kansa a manyan asibitoci, bai kamata talaka ya sayar da buhun shinkafarsa dominsa ba.

To, idan wani ya ɗauko 'yar fitila a jaka ranar kasuwar Tsamiya, yana da'awar tana maganin kowane miki, a tambaye shi wa ya auna ƙarfinta, wa kuma ya ba shi izini. Kada a yarda a haska ta a ido, domin leza tana iya lalata gani, haka nan kada a ɗora ta a kan ƙari ko kumburin da likita bai duba ba. Sabon rauni kuwa, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe shi, a nemi allurar tetanus. In ya fara wari ko fitar da mugunya, ko ya haɗu da zazzaɓi, a garzaya asibiti mafi kusa, inda in abin ya fi ƙarfin ma'aikatansa za su tura mutum Birnin Kebbi.