Yadda Tsoka Ke Tsirowa Cikin Faranti

Duk wanda ya taɓa yagar dafaffen nama ya san tsoka sili-sili take. To, cikin kowane sili akwai waɗansu zarurruka da ba a rarrabe su sai da madubin likita, kowane zare kuwa asalinsa ƙwayoyin halitta ne masu yawa da suka narke cikin juna suka zama abu guda. Masana sun tabbatar da haka ta hanyar renon ƙwayoyin nan cikin faranti, nesa da jikin dabba.

A shekarar 1961 wani masani a birnin New York, Alexander Mauro, ya hangi waɗansu 'yan ƙwayoyi maƙale a gefen zaren tsokar kwaɗo, suna kwance kamar masu barci. Daga baya aka gane su ne ke farkawa idan tsoka ta ji rauni, su hayayyafa su ɗinke wurin. A 1963 kuma Irwin Konigsberg ya nuna cewa ƙwaya guda tak, daga ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, tana iya yaɗuwa har zuriyarta ta yi zaren tsoka.

Ga yadda ake renon. Ana zuba ƙwayoyin cikin ruwa mai sukari da gishiri, a haɗa da ruwan jini, watau ruwan da ke tasowa bayan jini ya daskare, galibi na ɗan tayin saniya. Sa'an nan a ajiye faranti cikin ɗumi irin na jikin mutum, awo 37. Muddin abinci na da ƙarfi, ba su da aiki sai rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, idan ana so su zama tsoka, rage musu abinci ake yi. A janye ruwan tayin, wanda yakan kai kashi 10 ko 20 cikin ɗari, a sa na doki kashi 2 kacal. Nan take sai su bar haihuwa, su miƙe, su jeru gefe da gefe, fatarsu ta haɗe. Cikin 'yan kwanaki sai ga dogayen zarurruka, kowane da cibiyoyi da yawa, har waɗansu su riƙa motsi su kaɗai alhali babu jijiyar da ta umarce su. Wadda ta shiga zare kuwa ta yi sallama da rabuwa ke nan.

Wannan magana ta iso kasuwa. A 2013 Mark Post, mutumin Holan, ya kai naman saniya da aka rena haka birnin Landan, aka soya aka ɗanɗana a bainar jama'a, a 2020 kuma ƙasar Singafo ta yarda a sayar da na kaza. A ganina wuri biyu malamai za su duba kafin su yi hukunci. Na farko asalin ƙwayar, gama sau da yawa daga jikin dabba mai rai ake gutsuro ta, hukuncin abin da aka yanke daga mai rai kuwa sananne ne cikin fiƙihu. Na biyu ruwan jinin nan, ko da yake waɗansu masu sana'ar sun riga sun haɗa abincin reno wanda babu jini cikinsa.