Kafin Ka Sauya wa Ɗanka Kwamfutar Makaranta

A ƙarshen 2025 ɗana da ke karatun zanen gine-gine a Kumasi ya tasa ni gaba: "Baba, HP ɗin nan ta gaji, MacBook nake so." Hujjarsa, Microsoft ta daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba. Na ɗebi kuɗi daga jarin goro na saya masa ta hannu, ban tambayi kowa ba.

Sati biyu sai ga waya. Manhajar Revit da ake koya musu zane da ita a kan Windows kaɗai take aiki, MacBook kuwa macOS gare ta. Faifan ajiyarsa na waje yana buɗewa, amma ba ya karɓar sabon aiki. Har ya gama zangon, aron kwamfutar abokinsa yake yi da dare.

Na'urar ba ta da laifi, batirinta ma yana wuni. Garajena ne ya jawo.

Don haka, ɗan'uwa, a fara tambayar malaman sashen wace manhaja ake amfani da ita. In ta hannu ce, mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanka, in ba haka ba tana iya kullewa. MacBook masu M1 zuwa sama ba a ƙara musu RAM, abin da ka saya shi ke nan. Mai sayowa daga Yamai ko Kwatano kuma ya duba madannai, kada ya kawo wa ɗalibin Ingilishi AZERTY na Faransanci.

Kuɗin kasuwa da gumi ake samunsa. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.