Mutumin da Ya Jefa wa Amurka Bom, Ya Mutu Yana Ɗan Gari

A duk tsawon Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙi ɗaya tak ya samu shigowa da jirgin saman abokan gaba har ya jefa bom a kan babban doron ƙasar Amurka. Sunansa Nobuo Fujita, ƙaramin hafsa a rundunar sojan ruwan Japan.

A Afrilun 1942 jiragen Amurka suka kai wa Tokyo harin ba-zata, abin ya yi wa manyan sojan Japan ciwo ƙwarai. Sai suka yanke shawarar ramuwar gayya: a cinna wa manyan dazuzzukan jihar Oregon wuta, gobara ta ci garuruwa, hankalin Amurkawa ya koma gida.

Jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku, I-25, shi ya ɗauko Fujita da wani ɗan ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, an kwance masa fikafikai an cusa shi a wani rumbu. Da asubahin ranar 9 ga Satumba, 1942, suka taso saman ruwa daura da gaɓar Oregon. Cikin duhu ma'aikata suka harhaɗa jirgin, aka cilla shi sama. Fujita da abokin aikinsa Shoji Okuda suka nufi dutsen Emily, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Brookings, suka saki bom biyu masu tada gobara.

Ashe an sha ruwan sama kafin zuwansu, dajin a jiƙe yake sharkaf. Mai gadin daji ya hango hayaƙi daga hasumiya, aka je aka kashe 'yar wutar ba tare da wahala ba. Bayan mako uku Fujita ya sake dawowa, nan ma ya tashi a tutar babu. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Yaƙi ya ƙare a 1945, Fujita ya ajiye kakinsa ya shiga kasuwanci. Kwatsam, a 1962, sai ga goron gayyata daga ƙungiyar matasan 'yan kasuwar Brookings, suna so ya halarci bikin furanni da suke yi kowace shekara. Gari ya rabu biyu, wasu suna cewa yaya za a yi wa wanda ya zo ƙone mu maraba? Gwamnatin Japan ma ba ta bar shi ya tafi ba sai da aka tabbatar mata ba za a gurfanar da shi a kotu ba.

Shi kuwa bai saki jiki ba. Ya ɗauko takobin gidansu, wanda aka yi ta gadonsa kaka da kakanni shekara kusan 400, ya sa a kayansa. Niyyarsa, in mutanen garin suka tarbe shi da wulaƙanci, zai farke cikinsa da takobin, kamar yadda jaruman samurai ke yi don wanke abin kunya.

Da ya iso sai ya tarar da abin da bai zata ba, shimfiɗar fuska wadda ta fi ta tabarma. Jama'a suka yi cincirindo, ana miƙa masa hannu. Takobin da ya kawo don kashe kansa, shi ya miƙa wa garin kyauta. A wurin Bajapane, rabuwa da takobin gado ba ƙaramin abu ba ne, don mutuncin zuri'a ne kacokan.

Ya yi alkawarin gayyatar yaran garin zuwa Japan. Ana nan kasuwancinsa ya karye, ya koma aiki a kamfanin wasu. Bai ce talauci ya warware alkawari ba. Ya yi ta tari kaɗan-kaɗan har 1985, lokacin da ya ɗauki nauyin ɗalibai mata uku daga sakandaren Brookings suka ziyarci ƙasarsa. A 1992, shekara 50 cif da harin, ya hau dutsen ya dasa itace a daidai inda bom ɗinsa ya faɗa. A 1995 aka mayar da takobin sabon laburaren garin.

A Satumban 1997, yana kwance a asibiti, Brookings ta ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa. Bayan 'yan kwanaki ya rasu yana da shekara 85. Aka ƙone gawarsa bisa al'adarsu, a shekara ta gaba 'yarsa ta kawo wani kaso na tokarsa ta binne a wurin da ya kai harin.

Tsakanin harin Pearl Harbor da na Hiroshima da Nagasaki an zubar da jini mai yawan gaske, gwamnatoci kuma suka sa hannu a takardar sulhu a 1951. Fujita umarni aka ba shi ya kai hari. Neman afuwa kuwa babu wanda ya sa shi, kuma ya shafe shekara 35 yana yi da aljihunsa.