Abin da ke sa waldar ginshiƙin ƙarfe ta tsage bayan an biya kuɗin aiki

Duk wanda ya bi hanya daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, ya ratsa Tudun Wada ya nufi dajin Falgore, zai ga yadda ƙarfe ke ƙwace wa azara da katako matsayinsu. Rumfunan gidajen mai, ɗakunan injin casar shinkafa, manyan rumbunan hatsi da hasumiyoyin tankin ruwa duk a kan ginshiƙan ƙarfe suke tsaye. Tankin da ke cin lita 10,000 nauyin ruwansa kaɗai tan 10 ne, kuma walda ce ke riƙe da shi a saman kawunan jama'a.

Ginshiƙi mai siffar H yana da fukafukai biyu da bangon tsakiya da ke haɗa su. A daidai inda ƙarfen da aka gicciye ya sauke nauyinsa, bangon na iya lanƙwashewa. Shi ya sa injiniya kan ce a yanka farantin ƙarfe a cusa tsakanin fukafukan a yi masa walda, domin ya tokare wurin. Sai dai wannan farantin na tokara a matse yake ta ɓangarori uku. Walda kuwa in tana hucewa takan tsuke, in ta rasa inda za ta ja, sai ta tsage.

Wuri mafi hatsari shi ne lungun da fiffike ya haɗu da bangon tsakiya, domin miƙar da ƙarfe da ake yi a masana'anta kan bar wannan yanki da tauri da saurin karyewa. Bayan girgizar ƙasar Northridge ta 1994 a Amurka, wadda ta fallasa tsagewar walda a mahaɗar gine-ginen ƙarfe masu yawa, an tsaurara ƙa'idojin aikin. Daga cikinsu akwai datse kusurwoyin farantin, ta yadda walda za ta tsaya kimanin milimita 38 nesa da lungun. Mai waldar da ya cike lungun tsaf don aiki ya yi kyan gani, ɓarna ya yi.

Abu na biyu danshi ne. Ruwan da ke jikin wayar walda, ko tsatsa da fenti da maiƙon da ke kan ƙarfe, suna sakin sinadarin haidirojin cikin narkakken ƙarfe. Tsagar da yake haddasawa ba ta bayyana nan take. Tana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu, lokacin da ɗan kwangila ya riga ya karɓi cikon kuɗinsa ya kama gabansa. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, don haka kwalin wayar da ya kwana a buɗe cikin damina a Doguwa, ko a gefen madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, abin zargi ne. Wayar E6013 da aka saba da ita ta ishi ƙofa da taga. Aikin ginshiƙi mai kauri ya fi dacewa da E7018, wadda ake adanawa cikin ɗumi na kusan digiri 120 bayan an buɗe kwalinta.

Ƙarfe mai kauri yana buƙatar a ɗumama shi da wuta kafin a fara, musamman da sanyin safiyar hunturu irin ta tsaunukan Riruwai. Watsa wa walda ruwa don ta huce da wuri, al'adar da ta zama ruwan dare a bakin titi, ita ce hanya mafi sauri ta mayar da ita gautsi. Haka kuma janareta maras ƙarfi kan sa walda ta kwanta a sama kawai ba tare da ta ci jikin ƙarfen ba.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da ke sa hannu a takardar biya ba sai ya iya walda ba. Ya nemi zanen injiniya mai rajista da hukumar COREN, ya hana a shafa fenti sai an duba, kuma ya jinkirta dubawar zuwa awa 48 bayan an gama. Akwai gwaji mai sauƙi: a fesa jan ruwa na musamman a kan waldar, a goge, sannan a fesa farar hoda; in akwai tsaga, jan layi zai fito. Idan an same ta, sai a cinye wurin da injin gurza har tsagar ta ƙare, a sake walda daga tushe. Ɗora sabuwa a kan tsohuwa rufe ta kawai yake yi, tana nan tana ci gaba a ƙarƙashi.