Babban Gwani na Zariya: gini da kalmominsa

Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da laƙabin Babban Gwani, shi ne ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846). Zamaninsu ɗaya da Carlo Rossi (1775-1849), haifaffen Napoli ta ƙasar Italiya, wanda ya tsara wa sarakunan Rasha filaye da tituna a birnin Saint-Pétersbourg. Dukansu biyu maginan sarauta ne. Sai dai Rossi ya bar zane a takarda. Shi kuwa Durugu, fasaharsa ta baki da hannu ta bi, daga uba zuwa ɗa.

Saboda haka kalmomin sana'ar su ne shaidarmu. Tubali curin ƙasa ne da ake shanyawa a rana. Azara itacen giginya ne da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Bakan gizo, mai fitowa a sama da damina, shi ya ara wa lanƙwasasshen ginshiƙin da ke ɗauke da rufi sunansa: ana ɗaura azara bisa azara, a lulluɓe da laka.

Yayin da siminti ke maye gurbin ƙasa, daga Zariya har Filinge, kalmomin nan suna fita daga bakin matasa. Tattara su wurin tsofaffin magina nauyi ne a wuyan masu nazarin harshe.