Yaushe Ake Cire Wa Majiyyaci Na'urar Numfashi?

Likita ba ya cire wa majiyyaci na'urar numfashi sai ciwonsa ya lafa, ya farfaɗo, bugun zuciyarsa ya daidaita, kuma yana iya tari ya fid da kaki. Sa'an nan akan rage taimakon na'urar, ya yi numfashi da kansa minti 30 zuwa 120. In numfashin ya wuce sau 35 a minti ɗaya, sai a mai da taimakon, a sake gwadawa kashegari. Gaggawar cirewa takan sa a sake zura masa bututu, jinkiri kuwa yakan jawo ciwon huhu. Saboda haka ana roƙon dangi kada su fid da rai don gwajin farko bai yi nasara ba.